Ɓauren Cibiyar Muhsina

Duk shekara, idan ganye ya fara zuba a titunan Saint-Denis da ke gefen Paris, nakan nemi hutun Asabar da Lahadi in hau jirgin ƙasa zuwa Lyon don in shirya lambu kafin sanyi ya sauka. Abokan aikina a gidan kula da tsofaffi sun daɗe suna yi mini tsiya a kan wannan. Wai mace ta bar Paris, ta ƙetare rabin ƙasa, don ta je ta share ganye a tsakar gidan da ba nata ba. Nakan bar su su yi dariyarsu, don ba su san da ɓauren ba.

Gidan na yayana ne, Yaya Maazou, a Vénissieux, gefen garin Lyon. Ƙaramin gida ne mai ɗan fili a baya. A ɗakin baya muka zauna ni da mijina Rachidou lokacin yana dogon karatunsa, muna can kuma na haifi Muhsina. A gida Damagaram, idan an haihu, a tsakar gida ake binne mabiyiya da cibiya, shi ya sa ko mutum ya kai bangon duniya ya san inda yake da ƙasa. Nan kuwa asibiti ba su ba mu komai ba sai jaririyar. Da ragowar cibiyar ta bushe ta faɗi, Rachidou ya naɗe ta a ƙyalle, ya haƙa rami kusa da katangar baya, ya binne. Sannan ya dasa ɗan ɓaure a kai, wanda bai fi tsawon hannu ba. Yaya Maazou ne ya riƙe masa butar ruwa, shi ne kuma ya yi addu'a. A ranar ya ce da bakinsa wannan kusurwa ta Muhsina ce muddin yana numfashi.

Rachidou ya rasu Muhsina tana ƴar shekara huɗu. Aka kai gawarsa gida, kabarinsa yana can inda sai in yi shekaru ban taka ba. A duk ƙasar Faransa, abin da hannunsa ya dasa ya bar mana ɓauren nan ne kaɗai. Da aiki ya mai da ni Paris, na samu ɗaki a hawa na bakwai, ko barandar da zan ajiye tukunyar na'a-na'a babu. Saboda haka lambun Lyon ya zama nawa a aikace. Da bazara in je in shuka, da kaka in je in rufe. Ɓauren kuwa ya girma har ya wuce katanga, yana zubo wa maƙwabta ƴaƴa a kan wankinsu.

Bana ni kaɗai na tafi, Muhsina tana ajin ƙarshe na sakandare, ta ce karatu ya yi mata yawa. Ina fitowa daga jirgi a tashar Part-Dieu sai ga Yaya Maazou tsaye da hula da babban kwat. Mutumin da ko gobara aka yi sai ya gama shan shayinsa, mutumin da kullum yake ce mini in hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na san hanya, shi ne ya zo tarbata da mota.

"Sahadatou, kin zo lahiya? Ya hanya? Ya ɗiyar tawa?"

"Lahiya lau, Yaya. Yau kuma wace rana ce ka zo da kanka?"

"Ke dai ba ki rabuwa da tsiya," ya ce, ya karɓi jakata.

A gida ma na tarar da wani abin mamakin. Matarsa Hawwa, wadda a shekarun baya takan nuna mini firji ta ce in duba abin da ya rage, ta yi mini dambun shinkafa da zogale, har da soyayyar kaza. Na miƙa mata tsarabar da na sayo a kasuwar Château Rouge ta Paris, kuka da daddawa da yaji, ta yi ta godiya kamar na kawo mata kujerar Makka. A zauren shiga na ga kwalaye jere an ɗaure su. Na tambaya, ta ce tsofaffin tufafi ne za a aika gida. Na ce Allah ya ba da lada, na wuce na canza kaya.

Aikin rufe lambu ba wuya gare shi, sai dai ba ya son gaggawa. Na fara da tuge busassun karan tumatir da kuɓewa, da yakuwar da sanyin farko ya riga ya kwantar. Na kwance tiyo, na tsiyaye ruwan cikinsa, na naɗe shi. Na rufe famfon waje daga ciki, na bar bakinsa a buɗe, don idan ruwa ya daskare a bututu fashewa yake yi, kuma an taɓa yin haka shekarar da na bar wa Yaya aikin. Na hau tsani na kwashe ruɓaɓɓen ganyen da ya toshe indararo. Tukwanen zogale da na'a-na'a na ja su cikin gareji, kusa da taga. Duk wannan Yaya yana biye da ni, yana riƙe mini tsani, yana tura buruwet, wato baro. Tun da nake zuwa ban taɓa ganin ƙasa a takalminsa ba sai ranar, har na ce masa ko likita ne ya rubuta masa motsa jiki.

Sai da na ɗauko almakashi zan rage wa ɓauren rassa, kamar yadda na saba, ya yi gyaran murya.

"Sahadatou, akwai magana bisa icen nan. Ba shi da lahiya."

Na ajiye almakashin. Na ce, "Mi ya same shi?"

"Wani ƙwaro ne ya shiga jikinshi. Na kawo wani masani ya duba. Ya ce in an bar shi haka, sanyin bana zai ƙarasa shi har saiwa. Amma in an sare shi daidai ƙasa, aka ruhe kututturen da kyau, da bazara zai toho sabo. Voilà, abin da ya ce ke nan."

Na zagaya icen. Ganyensa ya yi rawaya, rabi ya zube, amma haka yake yi kowace kaka. Na shafa ɓawon, ban ga rami ba, ban ga garin itace ba. Na faɗa masa haka. Ya ce ai daga ciki abin yake ci, ido ba ya gani. Maganar tohon kuwa gaskiya ce, na sani. Akwai shekarar da ƙanƙara ta ƙone shi ƙurmus, muka fid da rai, da zafi ya dawo ya fito da rassa daga gindi. Ban da haka, a gidanmu ba a tashe mu muna ce wa babban wa ya kawo shaida ba. Shi ya riƙe ni da na zo ƙasar nan, shi ya tsaya a kan gawar mijina har aka sa ta a jirgi. In ya ce ice ba shi da lafiya, to ba shi da lafiya.

"To Yaya, ga zarto, ka fi ni ƙarhi."

Ya ja da baya kamar na miƙa masa maciji. "A'a, kahaɗata ba ta bari. Kuma ke kin san hannunshi. Ke ya dace."

Na yi bisimilla na fara da ƙananan rassa. Farin ruwan ɓaure ya riƙa ɗiga a hannuna, yana sa mini ƙaiƙayi. Da na zo kan manyan sai da na riƙa hutawa, don zarton tsoho ne, ni ma ba yarinya ba ce. Ban ɓoye ba, kuka nake yi ina sara. Ina yi ina lallashin kaina cewa magani nake yi masa, kamar yadda nake danne tsohuwa a wurin aiki a yi mata allura tana zagina. Da gangar jikin ta faɗi, na duƙa na duba cikinta. Fari tas, ba ɗigon ruɓa ko ɗaya.

"Yaya, dubi nan. Lahiyarshi lau."

Bai ko sunkuyo ba. "Ciwon yana sama, cikin rassa. Gara da muka yi da wuri."

Kafin in miƙe har ya jawo wata ƴar tirela da ya aro, ya riga ya ɗaura ta a bayan mota. Muka loda rassan. Na zaɓi wani miƙaƙƙen reshe mai idon toho uku na ajiye gefe, na ce zan sa shi a tukunya ko zai yi saiwa, don ɓaure ba ya gardamar dashe. Yaya ya ɗauke shi ya jefa a kan sauran. Ya ce masanin ya gargaɗe shi kada a bar ko tsinke, cutar tana bin reshe. Ya ja motar ya kai su jujin ciyayi na unguwa kafin a rufe, ya dawo da tirelar a share.

Washegari da hantsi na dawo kan kututturen. Na tara busasshen ganyen da na share jiya na lulluɓe shi, na ƙara ciyawa a kai, na shimfiɗa farin mayafin nan da ake rufe shuka da shi, na danne gefensa da duwatsu don iska. Na yi shi da kyau fiye da kowace shekara. Sannan na gyara kunya ɗaya a gefe na fara dasa tafarnuwa, wadda ita sanyi take so, a cikinsa take kama ƙasa. Ina durƙushe ina tura ƙwayoyin da yatsa na ji an buɗe ƙofar gefe.

Wasu matasan Turawa ne, miji da mata, da abin awo a hannun mijin. Yaya yana bayansu, fuskarsa kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Daga baya na gane ba ranar ya sa su zo ba, wucewa suke yi suka ce bari su leƙo. Matar ta dubi filin, ta tafa hannu don murna, ta nufo ni da fara'a.

"Sannu da aiki, madam. Ke ce mai aikin lambun? Monsieur ya ce zai kawo wadda za ta gyara wurin kafin ya ba mu makulli. Kin yi ƙoƙari sosai." Ta nuna farin mayafin. "Amma da ba ki wahalar da kanki da wannan ba. Cikin makon nan inji zai zo ya tuge kututturen da saiwarsa. Nan za mu zuba siminti mu yi wurin zama."

Na dubi Yaya Maazou. Ina jira ya ce wannan ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zaro salularsa daga aljihu ya shiga dubawa.

Ni kuma, don a san irin tarbiyyar da aka yi mana, ban tona masa asiri a gaban baƙi ba. Na ce wa matar, "Oui, madame." Na ci gaba da durƙuso da tafarnuwa a hannu har suka gama awonsu. Mijin ya taka gefen mayafin da takalmi yana ja da abin awon daga katanga zuwa bango. Suka yi sallama suka fita, matar har da ɗaga mini hannu.

Na tarar da shi a kicin yana zuba ruwa a kofi. Hawwa ta raɓe a jikin firji.

"Yaya, ka sayar da gidan?"

"Zamna tukuna, Sahadatou."

"Ba ni zamnawa. Ka sayar?"

Ya ce ya sayar. Ya ce ritaya ta zo, gwiwoyinsa ba sa ɗaukar sanyin ƙasar nan, gida zai koma. Masu sayen sun ce saiwar ɓauren tana dosar ginin, ba za su karɓi makulli ba sai an kawar da shi. Ya ce yana da haƙƙin sayar da gidansa.

"Wa ya ce ba ka da shi? Gidanka ne, da guminka ka saya. Da ka kira ni ka ce Sahadatou ga halin da ake ciki, da na yi kukana na share hawaye. Da na kawo yarinyar nan ta ga icen ubanta tsaye. Da na yanki reshe goma na dasa. Reshe guda na ajiye, Yaya, guda ɗaya, ka ɗauke ka jefa a juji don kada ƙaryarka ta ɓaci."

Ya kai kofin bakinsa, ni kuwa na ci gaba.

"Kuma ga masu sare itace cike da garin nan. Don mi sai ni? Don mi sai da hannuna?"

Ya ajiye kofin. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na riƙe butar ranar da aka dasa shi. Ni na yi addu'a. Damagaram za ni koma in zamna, cikin dangin Rachidou. Da wane ido za ni dube su in aka ce Maazou ya sa an sare icen da ke bisa cibiyar marainiya?"

"Amma in aka ce uwarta ta sare da kanta, ba mai cewa komi."

Ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi mini zafi fiye da in ya zage ni. Ashe ba mantawa ya yi da alkawarinsa ba. Yana sane da nauyin abin sarai, shi ya sa ya sauke shi a kaina, ya tsaya gefe yana tura buruwet.

Hawwa ta sa baki. "Wallahi don tausayinki aka ɓoye miki. Kin san ba a jehwa ma mutum mugun labari haka nan."

Na sani mana. Haka muke yi. In an yi wa mutum rasuwa yana nesa, ce masa ake yi jikin ya tsananta, ya taho. Ana jan sa a hankali har ya iso cikin ƴan'uwa, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, sannan a faɗa masa. Ban taɓa ganin laifin wannan ba. Amma wanda ake tausayi zaunar da shi ake yi. Ni zarto aka miƙa mini, aka ciyar da ni dambu don in ji ƙarfin sara. Na faɗa musu haka, na ƙara da cewa wannan cin amana ne, kuma Yaya ya san sunansa tun kafin in faɗa.

Na fita bayan gida na tsaya a kan kututturen. Na yi tunanin in yaye mayafin in haƙa, amma me zan samu? Shekara goma sha bakwai, ƙyallen da abin da ke cikinsa sun daɗe da zama ƙasa, saiwa ta sarƙe wurin ko ina. Ina tsaye Hawwa ta fito da wata robar man shanu da ta wanke, ta miƙo mini a ɗarare, wai ko zan ɗebi ƙasar wurin in tafi da ita. Na dubi robar, na dube ta. Na ce ta mayar da abarta kicin, za ta yi mata amfani wajen ƙaura.

Yaya ya ɗauko makullin mota zai kai ni tasha. Na ce ya bari, na san hanyar metro.

A cikin jirgi ban ga komai ta taga ba. Hannuwana sun yi ja, sun kumbura saboda ruwan ɓauren, ina ta susa. Tunanina duk yana kan Muhsina. Yarinyar da ba ta riƙe fuskar ubanta ba sai a hoto, wadda tun tana ƙarama nake kai ta gindin icen nan in ce mata nan ne garinku. Ta yaya zan dube ta in ce ni na sare shi? Na shirya magana na rushe, na sake shiryawa. Kafin mu shiga Paris na yanke shawarar ba zan gaya mata yanzu ba. In bar ta ta gama jarrabawa, in ya so in zaunar da ita a hankali. Na ma tanadi murmushin da zan shiga da shi.

Ana kiran magariba a salular wani maƙwabci na fito daga lif. Ban kai ga sa makulli ba ta buɗe ƙofar, kamar dama tana tsaye a bayanta.

"Maman, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lahiya lau. Tonton Maazou da Tanti Hawwa suna gaishe ki. Lambu ya yi kyau, na ruhe komi."

Ba fuskata take kallo ba, hannuwana take kallo. Ta san abin da ruwan ɓaure yake yi wa fata, kuma ta san rage rassa kaɗai ba ya kai shi har gwiwar hannu. Idonta ya ciko.

"Ke kika sare shi? Maman, c'est pas vrai, ba zai yiwu ba. Tonton ya rantse mini zai gaya miki kahin ki taɓa shi. Ya ce ba zai bari ki yi da kanki ba."

Jakar ta yi mini nauyi, amma ban ajiye ba. "Kin san da maganar?"

Ta gyaɗa kai tana kuka.

"Tun yaushe?"

"Tun vacances, lokacin dogon hutu. Ya kira ni. Ya ce kada in gaya miki, hawan jininki zai tashi."

"Sai kika yi shiru. Muna ci a kwano ɗaya, kina kallona ina sayen tikiti, ina zaɓen irin tafarnuwa."

"Na so in gaya miki, wallahi. Na kira Inna a Zinder na tambaye ta. Ita ta ce a bar ki tukuna, Tonton ya san yadda zai yi. Su Tanti Halimatou ma haka suka ce."

Inna ita ce mahaifiyata, tana can gida Damagaram, wato Zinder. Halimatou kuwa aminiyata ce, a hawa na uku take, ranar Juma'a ma ita ta raka ni Château Rouge sayen tsaraba.

Muhsina ta matso za ta rungume ni, na ɗaga mata hannu ta tsaya. Ban yi mata faɗa ba, yarinya ce, manya suka sa ta. Na wuce ɗaki da takalmina da ƙasar Lyon a jikinsu, na zauna a bakin gado. Ina son wanda zan faɗa wa abin da aka yi mini. Na ɗauko salula na bi sunayen tun daga sama har ƙasa, ina neman mutum ɗaya da zan kira wanda bai riga ni sani ba, ban samu ba.